Jarrabawar Baba Mai Bokiti

Duk ma'aikatan jirgin ruwan nan mai kai 'yan yawon buɗe ido tsibiran can nesa, kowa hotonsa ya fito a allon talla in ban da Baba Mai Bokiti. Kyaftin na nan da farar hularsa, ya miƙa yatsa yana nuna abin da shi kansa bai sani ba. Mai girki ma an ɗauke ta tana wani murmushi da ba a taɓa ganin ta da shi a bakin murhu ba. Shi kuwa Baba, ranar da mai hoto ya zo, cewa aka yi ya ɗan matsa gefe, ya haɗa har da kayan aikinsa. Bai ji haushi ba. Ya san ba a tallan tafiya da bokitin amai, ko da yake tafiyar ba ta yiwuwa sai da shi.

Allon bai yi ƙarya ba, rabin zancen ne kawai ya haɗiye. Tsibiran suna da kyau na fitar hankali. Baƙaƙen duwatsu ne tsaye ƙiƙam a tsakiyar teku, fararen tsuntsaye sun lulluɓe su, ga wani kogo da jirgi ke shiga har cikinsa, sannan can ƙarshe ruwa yana zubowa daga ƙololuwar dutse kai tsaye cikin teku. Amma kafin a kai nan sai an ratsa wata mashiga tsakanin duwatsu biyu, inda ruwa ke karo da ruwa. Ma'aikata suna ce mata Turmi, kuma duk wanda ya taɓa shiga ba ya tambayar dalili. Mutum zai hau jirgi da safe da tabarau da kyamara, yana ƙamshin turare, yana ɗaga wa na gaɓa hannu. Da an shiga Turmi sai ka ga ya daina magana. Daga nan aikin Baba ke farawa.

Yana saurayi ya zo tashar da niyyar zama kyaftin. Ranar farko aka miƙa masa bokiti, aka ce ya riƙe kafin a samo wanda zai yi aikin. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, har yau ana nema. Tun yana ɓoye wa abokai sana'arsa har ya zo yana tinƙaho da ita. Yakan tsaya a gindin matakala da bokitai a jere, tawul a kafaɗa, yankakkiyar citta da lemon tsami a aljihu, yana karanta fuskoki. Da farko mutum zai yi shiru. Sai hamma ta biyo baya. Sai leɓe ya yi fari, ido ya kafe a wuri ɗaya. Kafin mutumin ya gane abin da ke shirin samunsa Baba ya iso, ya juya shi ya ba iska baya, tafin hannu ɗaya a goshinsa, ɗayan riƙe da bokiti. Ba ya cewa sannu sai an gama. Ya ce sannu a tsakiyar amai tana sa mutum ya yi ƙoƙarin amsawa, kuma ba wanda ke son ganin haka.

A bakin wannan aikin ne ya samo ilimin da yake ganin ya fi na kowa, wato hali ba ya ɓuya a gaban bokiti. A gaɓa, in ji shi, kowa mutumin kirki ne. Amma in ciki ya juya babu muƙami, babu guga a riga. Akwai mai lallaɓawa bayan kujeru ya yi abinsa, ya dawo yana tambayar wa ya yi wannan ƙazantar. Wannan maƙaryaci ne, kada ka ba shi ajiya. Akwai mai ɗora wa mai girki laifi, yana amai yana neman shugaban kamfani. Wannan in ya yi aure, ko ruwan sama aka yi matarsa ce ta jawo. Shi kuwa mai fuskantar iska ya saki, abin ya dawo kan bayin Allah da ke bayansa, wawa ne kawai, sai dai wawan da wasu ke shan wahalar wautarsa. Wani ɓangaren gaskiya ne, wani kuwa shaci-faɗi, amma wa zai yi musu da mutumin da ya ga cikin dubban mutane a waje?

Gidansa ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, a wani layi bayan tashar, inda matakala ke warin kifi da sabulu. Matarsa tana wanki da guga a otal ɗin da baƙin ke sauka, shi ya sa take cewa ita da mijinta sun raba 'yan yawon buɗe ido gida biyu, shi ya ɗauki abin da suka zubar a ruwa, ita ta ɗauki abin da suka ɓata a ɗaki. 'Ya'ya maza biyu suka fara haifa, duk sun kama gabansu, sai dai gaisuwa ta waya. Saura Auta.

Auta tana aiki a kantin magani na kan babban titi. Ta wuce shekarun da dangi ke tambaya "yaushe za mu sha biki", ta shiga waɗanda ake tambaya "lafiya dai ko". Kuma ba rashin masoya ba ne. Baba yana son 'yar nan son da ya fi ƙarfin bakinsa. Bai taɓa faɗa ba, kuma da za a tambaye shi cewa zai yi yarinyar ta cika surutu. Ita ke jiran sa da shayi in ya dawo. Ita kaɗai ce a duniya ke iya cin abinci tana sauraron labarin aikinsa, har tana tambaya, "To shi mai jar rigar fa, Baba, bayan kujera ya je?" Matarsa kuwa tun shekarar farko ta kafa doka cewa bokiti da labarinsa su tsaya a bakin ƙofa.

Don haka da masu neman aure suka fara hawa matakalar, Baba bai tambayi asali ba, bai tambayi albashi ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin tsibiran nan kuwa? Zo ranar hutunka, ni na ɗauki nauyi." Su kuma su tafi suna murna sun samu suruki mai hannun kyauta.

Na farko malamin makaranta ne. Ya yi nasa a bayan tarin rigunan ceto, ya dawo yana goge baki yana cewa iskar teku na ƙara lafiya. Na biyu ma'aikacin banki, ya ce an sa masa wani abu a shayi, sai da aka riƙe mai girki da ludayi a hannu. Waɗannan biyun ita kanta Auta ba ta yi wani baƙin ciki ba. Na uku direban babbar mota ne, mutum mai sanyin hali. Ya nemi bokiti da kansa, ya ba iska baya ba tare da an gaya masa ba, ya gama ya wanke bokitin tas, ya yi godiya. Baba ya dawo gida ya ce ya faɗi.

"Shi kuma me ya yi?" in ji matarsa.

"Ya cika iyawa. Duk wanda ya iya amai haka ya saba. Ki tambayi kanki me ya saba sha."

"Baban Auta, kai ko tsuntsu ne ya zo neman 'yarka sai ka ce fiffikensa ya taɓa bokiti. Kai da ka zo nema na, wa ya juya maka hanji?"

"Ni ai an ga alamar kirki tun daga nesa."

"An ga alamar ba wani a layi dai," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

A kan direban nan Auta ta yi kuka, a banɗaki, da famfo a buɗe. Baba ya ji sarai, sai ya ƙara wa rediyo murya.

Aka ɗauki lokaci ba wanda ya sake hawa matakalar, sai ga Mai Firij. Firij ɗin kantin maganin ya zo gyarawa, gyaran da ya kamata ya ƙare a yini ɗaya ya yi ta samun sababbin matsaloli har Auta ta gane ba firij ne ke ciwo ba. Gajere ne mai ɗan tumbi, ga sukudireba kullum a aljihun gaba, kuma yana dariya kafin ya kai ƙarshen labarinsa. Baba ya dube shi sau ɗaya ya ƙiyasta cewa wannan ba zai kai tsakiyar Turmi ba. Ya yi masa tayin nan nasa, Mai Firij ya karɓa da hannu biyu.

Ana gobe tafiyar, da safe suna karyawa, Auta ta ajiye kofi ta ce, "Baba, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Ba zan yi aure ba da yardarka ba, wannan ka sani. Amma masu kantinmu sun buɗe reshe a wani gari, tafiyar kwana biyu a mota, sun ce in ina so in je in riƙe. In wannan ma ya faɗi, zan karɓa. Ba fushi na yi ba, Baba. Na gaji ne da kawo 'ya'yan mutane ana wasa da cikinsu."

Matarsa ta ci gaba da shafa wa burodi bota a hankali, da fuskar wadda ta riga ta san zancen. Baba ya auna zancen a ransa. In yaron ya ci, Auta ta bar gidan. In ya faɗi, ta bar garin gaba ɗaya. Amma kafin ya kai tasha ya riga ya yi wa kansa wayo irin na tsofaffi. Barazana ce kawai, 'yar da ko kwana ɗaya ba ta taɓa yi a waje ba ina za ta? Yaron ya faɗi tukuna, sauran zance a yi shi a gida.

Ranar tafiya Mai Firij ya iso da sabuwar riga mai ruwan sararin samaniya, har layin ninki bai baje ba. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba kuwa ya tarbe shi da karamcin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya sa mai girki ta soya ƙwai da mai har yana iyo, aka buɗe kifin gwangwani aka juye a burodi, aka haɗa shayi mai kaurin madara.

"Ci, yaro. Teku ba ta son mai yunwa."

Mai Firij ya cinye, ya suɗe yatsa. Baba ya kai shi can bayan jirgi, daidai inda hayaƙin dizal ke fitowa, ya ce nan ne wurin manyan baƙi. Jirgi ya tashi, gari ya yi ta ƙanƙancewa a baya, ruwa ya tashi daga kore ya koma baƙi. Da duwatsun Turmi suka bayyana, Baba ya zaro tsohuwar jarida daga aljihu ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, a taimaka a karanta masa. Duk wanda ya san teku ya san karatu a cikin Turmi neman fitina ne.

Jirgi ya hau, ya faɗo, ya karkata hagu, ya dawo dama kamar ya tuna ya yi mantuwa. Mai Firij ya karanta labaran ƙasa, ya karanta na wasanni, ya shiga tallace-tallace. A tsakiya ya ɗaga kai ya kasa kunne, ya ce da alama akwai bel ɗin da ya saki a injin nan, in an ba shi dama zai duba. Sannan ya tambaya ko akwai sauran burodin.

Baba ya zuba masa ido yana neman hamma, yana neman farin leɓe, ko alama babu. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, don a duk iliminsa babu gurbin wanda bai yi amai ba. Nan take ya fara ƙera sabon gurbi a ransa. Cikin da bai motsa a Turmi ba ai zuciyar da ke samansa ma dutse ce, irin wannan ba ya tausayin mace. Yana cikin gyara wa hujjar zama sai lasifika ta yi ƙara, muryar kyaftin ta fito, ba daɗi.

"Mai Bokiti, in kana cikin jirgin nan, ana neman ka a sama."

Sai a lokacin Baba ya tuna yana da aiki. Tun da ya fara bai taɓa barin gindin matakala a cikin Turmi ba sai yau, garin gina wa wani rami. Ya kwashi bokitai ya hau da gudu, Mai Firij na biye da shi.

Abin da ya tarar a sama ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci. Mutanen da ya kamata a tare su ɗaya bayan ɗaya duk sun tashi a tare, kowa na kallon na kusa da shi yana ƙara samun ƙarfin gwiwa. Baba ya shiga tsakiya, ya juya wannan, ya dafa wancan, ya tura bokiti da ƙafa wajen na uku. Can gefe ya hango wata tsohuwa ita kaɗai. 'Ya'yanta ne suka haɗu suka saya mata tikiti don ta ga ruwan nan da take ta zancensa, su kuma suka yi zamansu a gaɓa, masu wayo. Ta riƙe ƙarfen jingina da hannu ɗaya, ƙafafunta na zamewa a jiƙaƙƙen daɓe, leɓenta ya yi fari fat. Baba ya gani, amma hannu biyu Allah ya ba shi kuma duk suna kan goshin wasu.

Mai Firij ne ya fizgi bokiti ya nufe ta. Ya zagaya hannu ya tallafe ta, ya kai tafinsa goshinta yadda ya ga ana yi, ya kara mata bokitin. Komai ya yi daidai sai abu ɗaya. Ya juya ta ta fuskanci iska, shi kuma ya tsaya a bayanta.

"Ba ta nan ba," in ji Baba, amma ya makara.

Iska ta karɓi abin da tsohuwa ta bayar ta mayar wa Mai Firij, daga gashin kai har aljihun sukudireba. Ya tsaya cak. Baba ya ga leɓen nan da ya yi ta jira tun safe ya yi fari a lokaci ɗaya. Abin da ƙwai da dizal da jarida suka kasa, tsohuwa ta yi shi cikin ƙiftawar ido. Ga shi hannunsa ɗaya na riƙe da ita, ɗayan na riƙe da bokitinta, jirgi kuma ya sake karkata. In ya sake ta, faɗuwa za ta yi. In ya juya gefe, akwai mutane. Sai ya sunkuyar da kai, ya cusa haɓa a wuyan sabuwar rigarsa, ya zuba komai a ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Kada ki ji tsoro, Iya, ina riƙe da ke," ya sake mayar da kai cikin rigar.

Haka suka fita daga Turmi, shi da tsohuwa, suna karɓa-karɓa, bai sake ta ba sai da ruwa ya kwanta.

Bayan Turmi teku takan yi luf kamar ba ita ba. Mutanen da ɗazu suke roƙon Allah ya kai su gaɓa ko wace iri ce suka fara lalubo kyamarori. Jirgi ya bi ta gindin duwatsun, tsuntsaye suka tashi da kuka suka rufe rana, aka shiga kogon aka fito, kowa ya kira sunansa ya ji ya dawo masa. Sannan aka sha kwana, sai ga ruwan. Daga can sama yake sakowa, fari tas, kafin ya iso ƙasa rabinsa ya zama hayaƙi, sanyinsa na dukan fuska tun daga nesa. Tsohuwa, da aka zaunar a kujera da citta a baki, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe dai ruwa ne ke zuba." Amma ba ta ɗauke ido ba har aka juya.

Baba bai kalla ba, ya gani ya gaji. Ya ja Mai Firij bayan jirgi, ya sa shi ya tuɓe rigar, ya kunna tiyo ya wanke shi tas kamar ana wanke mota, ya yafa masa tawul. Rigar kuwa aka ɗaure ta a leda, ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Mai Firij ya zauna a kan akwatin kayan aiki yana rawar sanyi, tumbi a waje. Can ya sa hannu a aljihun wando ya zaro wani ɗan katin magani, gurbi biyu a fashe.

"Baba, kafin ka yanke hukunci, gara ka ji daga bakina. Magani na sha tun a gaɓa. Ni ko lilo na hau sai jiri ya kama ni."

"Wa ya ba ka?"

"Ni na saya."

Baba ya karɓi katin ya juya shi. An bi kusurwoyinsa huɗu da almakashi an zagaye su sumul. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai yin haka. Haka take yi wa katin maganin hawan jininsa duk wata, don kada kaifin ya huda masa aljihu ko ya yanke shi a yatsa.

Ya daɗe yana shafa gefen katin da babban yatsa. Ba maguɗin ne ya yi masa ciwo ba, shi da ya ciyar da yaron ƙwai mai iyo ba shi da bakin magana. Abin da ya soke shi shi ne Auta, wadda ba ta taɓa ɓoye masa ko ciwon kai ba, ta zauna da almakashi ta shirya yadda za a kayar da shi, kuma ta yi wa wani namiji irin kulawar da ya ɗauka tasa ce shi kaɗai. Nan ya gane maganar tafiyar nan ba barazana ba ce. Yarinyar tana son fita, kuma in bai buɗe mata ƙofa ba za ta fita ta inda ba zai ƙara ganin ta ba sai a waya. Baƙin ciki ya kama shi sosai, har da kunya.

Ga shi yau, karo na farko, yana da hujjoji na gaske. Yaron ya yi maguɗi, bai san iska ba, yanzu kuma ya dubi idonsa ya yi masa ƙarya. Ko ɗaya daga ciki ya isa.

"Ƙarya kake yi," in ji Baba. "Ba kai ka saya ba."

Mai Firij ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba. Amma ni na sha."

"Kuma ba ka san iska ba."

"Ban sani ba, Baba."

Baba ya laluba aljihu ya miƙa masa yankin citta. "Sa a baki. Akwai Turmi a komawa, kuma maganinka ya bi rigar."

A komawa Mai Firij ya nemi bokiti tun kafin a shiga, ya rungume shi har aka fita. Baba ya tsaya a gindin matakalarsa ya yi aikinsa.

Da la'asar jirgi ya iso tasha. Auta na tsaye a bakin gaɓa da farar rigar aikinta, ta baro kanti ba lokacin tashi ba. Ta ga Mai Firij ya sauko a naɗe da tawul, leda a hannu, yana tafiya kamar ƙasa na motsi, ya ɗaga mata hannu ya wuce neman wurin zama. Ba ta bi shi ba. Ta jira har baƙi suka watse, mahaifinta ya sauko da bokitai ya jera su a bakin famfo.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa."

"Ya yi?"

"Ya yi. Ban taɓa ganin wanda ya yi kamarsa ba."

Ta kasa gane ko yabo ne ko suka, ta tsaya tana murɗa yatsu. Baba ya kunna famfo, ya goge hannu a wando, ya zaro katin maganin ya miƙa mata.

"Gobe in za ki cuci tsoho, ki bar wa katin kusurwarsa."

Auta ta dubi katin, ta dubi ƙasa. Idonta ya cika. "Baba, ka yi haƙuri. Na ji tsoro ne."

"Ki gaya wa masu kantinku su nemi wani ya riƙe musu reshen. Shi kuma ki ce ya turo manyansa. Ya sa riga kafin nan."

Ta rufe baki da hannu, dariya da kuka suka haɗe mata. Ta juya za ta ruga wajen Mai Firij, sai ta ga mahaifinta ya sunkuya yana cuɗa bokitin da ya riga ya fita tas, ya ƙi ɗagowa. Ta dawo ta tsaya kusa da shi.

"Katin maganina fa," ya ce, bai dube ta ba, "wa zai riƙa yanke min?"

"Haba Baba. Gidan nasa bayan kasuwa ne kawai. Da ƙafa ma ana zuwa."

Baba ya juye ruwan bokitin a magudana, ya jawo na gaba.

"Da nisa," ya ce.